Ranar da Aka Ƙi Naman Ja'afaru

Akwai wani matashin mahauci a Kibiya mai suna Ja'afaru. Fawa gadonsa ce, kuma kowa ya shaida ba ya ɗora wuƙa sai ya fuskantar da dabba alƙibla ya yi bisimilla.

Wasan waya ne ya ja masa. Samarin Kibiya da Rano da Saji sun buɗe wani zaure a WhatsApp, suka ƙirƙiro wata daula ta zamanin takobi da sulke, mai aljanu da dodanni. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya a labarin yana magana a madadinsa da saƙon murya. Ƙa'idarsu ita ce kowane mutumin labari sai yana da abin da yake bauta wa, don da shi zai rantse in yaƙi ya tashi.

Duk aka yi rububin jarumai masu salla. Wa zai yarda ya zama matsafi? Ja'afaru bai iya musu ba, ga shi Allah ya ba shi murya kamar ganga, sai aka liƙa masa Sarkin Tsafi mai bautar Baƙin Dutse.

Sagiru mai shagon cajin waya shi ya ɗauki babban jarumi, wanda ba ya zare takobi sai da alwala. Ya ɗauki abin da zafi ƙwarai. Rannan 'yan zauren suka yanke cewa rundunar Sarkin Tsafi ce ta ci wannan karon, aka yi ta yi wa Sagiru dariya. Wasa ne fa, jama'a. Amma bawan Allahn nan ya ƙullaci Ja'afaru.

Sagiru ya yanko guntun muryar Ja'afaru, daidai inda yake cewa, "Na rantse da Baƙin Dutse, gare shi nake zubar da jini." Ya tura zauren unguwa, ya rubuta a ƙasa: "Ku ji wanda kuke cin yankansa."

Washegari ranar kasuwa ce. Ja'afaru bai san wainar da ake toyawa ba, ya kayar da sa guda, duk jarinsa. Ya shimfiɗa nama a tebur yana jiran masu saye.

Shiru. Mutum ya doso, sai ya kauce. Har Jumai mai tuwo, wadda kullum ita ke fara buɗe masa ciniki, ta zo ta tsaya daga nesa.

"Baba Jumai, ga ƙirjin da kike so."

"Ja'afaru, ka yi haƙuri. Ni jama'a nake ciyarwa. Ba zan zuba musu yankan dutse a miya ba."

Ta kunna masa muryar. Ya shiga rantse-rantse yana miƙa wayarsa a saurari farkon maganar, amma ba wanda ya tsaya. Rana ta take, ƙudaje sun fara taruwa, gefen naman ya fara baƙi.

Ya bar teburin ya ruga shagon Sagiru.

"Don girman Allah, Sagiru, zo ka gaya musu wasa ne. Kai kaɗai za su yarda da kai, tunda kai ka tura. Naman nan in ya wuce la'asar na kaɗe."

Sagiru ko ɗago kai bai yi ba. "Muryarka ce ko ba taka ba?"

"Tawa ce, amma ai ka san…"

"To me na ƙara? Ni ko a wasan ma mai salla ne."

Ja'afaru, namiji mai kayar da sa, ya durƙusa a ƙofar shagon yana roƙo da hawaye. Wallahi duk sanda na tuna wannan wurin raina yakan ɓaci. Sagiru ya ce ya matsa, yana tare wa masu caji hanya.

Da azahar ya shiga masallaci, na kusa da shi a sahu ya ja jiki. Ana sallamewa ya rarrafa gaban liman, Malam Haliru, ya ajiye wayar.

"Malam, ban ce ka yarda da ni ba. Ka saurara kawai, daga farko."

Malam ya saurara, dattawa na zaune. Aka ji samari suna raha. Aka ji wata murya tana cewa, "Ja'afaru, ƙara wa rantsuwar gishiri mana, ka ce jini kake zubar masa." Muryar Sagiru ce. Mahaifinsa, Alhaji Isiyaku, yana sahun gaba, ya sunkuyar da kai.

Malam ya dubi Ja'afaru. "Kai Musulmi ne, yankanka halal ne. Amma harshen da ke bisimilla bai dace da wannan rantsuwa ba, ko da wasa. Ka yi istigfari."

"Na tuba, Malam."

"To tashi mu je."

Liman ya taka da ƙafarsa har kasuwa, ya tsaya a gaban teburin, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yankar mini na miya, a kai gida."

Nan fa aka fara matsowa, Jumai a gaba tana ba da haƙuri. Sai dai rana ta riga ta yi aikinta. Fiye da rabin naman ya juya, Ja'afaru da kansa ya ware shi gefe, ya ce ba zai sayar wa kowa wannan ba.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Isiyaku riƙe da wuyan rigar ɗansa. Ya nuna tulin da aka ware.

"Ɗauka. A ka. Kai za ka haƙa rami ka binne shi da hannunka, kuma kuɗin wannan sa yana wuyanka."

Haka babban jarumi mai alwala ya ratsa kasuwar Kibiya da daro a ka, ruwan nama na ɗiga masa a riga, mutanen da ya tura wa saƙon suna toshe hanci suna ba shi hanya.

Darasi: Imani ba rigar wasa ba ce da ake sawa a waya, a mu'amala ake ganinsa. Kada ka ari kalmar shirka ko da raha, kuma kada ka yanke wa Musulmi hukunci da guntun murya, sai ka ji farkonta. Ku tura wa 'yan zaurukanku, wataƙila ku ceci sana'ar wani.