Ɗantala Mai Alfahari da Karyewa

Ɗantala mutum ne mai ƙwazo da zaƙin baki, amma akwai hali guda da ya kai shi ƙasa: ya ɗauki karayar arziki abin ado. A nan Greensboro ta ƙasar Amurka kowa ya san shi da farar a-kori-kurarsa, wadda yake kwashe wa mutane kaya da ita idan za su tashi daga wani gida zuwa wani. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, duk Lahadi da rana yana garejin wani Ba'amurke mai suna Gregory a unguwar Glenwood, suna buga foka, wato cacar kartar nan da ake tara kuɗi a tsakiyar tebur.

'Yan wannan tebur suna da wata al'ada mai ban mamaki. Wanda aka cinye tas ba ya sunkuyar da kai. Tafa masa ake yi, a daki kafaɗarsa, a ce yau ya cika ɗan wasa. Kowa sai ya kawo labarin ranar da shi ma ya koma gida ba ko sisi, kamar tsohon soja mai nuna tabon harsashi. Wannan magana ta shiga kan Ɗantala ta zauna daram.

Mu kuwa masu jin Hausa a garin nan, tamu al'adar daban ce. Idan mutum ya karye ba ya faɗa, janye jiki yake yi daga mutane. Dattawa ne ke lura. Sai Alhaji Djibrilla, wani mutumin Maraɗi mai filin sayar da motoci a Gate City Boulevard, ya bi jama'a ɗaya bayan ɗaya, Musulmi da Kirista, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. A haɗa jari, a kai wa mutum har gida, kuma ba a sake ɗaga zancen. Wannan shi muke kira tayar da mutum.

To, ita ma a-kori-kurar ta wannan hanya ta samu. Shekarun baya Ɗantala ya je wurin Alhaji da jan ido, wai kwantenar motocin da ya tura Kwatano ta salwanta, jarinsa ya tafi. Aka haɗa aka saya masa mota. Wanda ya fi kowa sa hannu a aljihu shi ne Malachy, wani mutumin Jos mai ɗan gidan abinci, inda muke zuwa cin masa da farfesu.

Ana nan sai rana ta juya wa Malachy. Mai gini ya ninka masa haya, ciniki bai ɗauka ba, ya rufe shagon. Ya koma ɗaga kwalaye a wani sito a Wendover, ya daina zuwa taro, ko waya ba ya ɗauka. Da ƙyar aka janyo shi zuwa sunan da aka yi a gidan Iliyasu, maƙwabcinsa. Ya sami lungu ya zauna, da farantin shinkafa a cinya, bai ko taɓa ba.

Ɗantala ya hango shi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "A'a! Oga Malachy! Ashe kana garin? Ni na ɗauka da shagon aka haɗa aka rufe ku."

Malachy ya ce, "Ina nan, Ɗantala. Sannu."

"Sannu kawai? Dubi yadda ka takure kamar kazar da ruwa ya daka. Don ka karye sau ɗaya? Haba! Ku matsalarku ke nan, ba ku da zuciyar biznes. Karyewa ai digiri ce, bros."

Iliyasu ya ce, "Ɗantala, ga abinci can, je ka ci."

"Bari in koya masa rayuwa tukuna. Kalle ni nan. Sau uku ana cinye ni tas a tebur. Na farkon ma, kuɗin motocin da zan saya gaba ɗaya suka tafi a zama guda. Na mutu? Ga mota can a waje tana ƙyalli!"

Ya yi dariya, ya waiga yana jiran tafi. Ya manta ba a garejin Gregory yake ba. Ba wanda ya tafa masa.

Alhaji Djibrilla ya ajiye cokalinsa a hankali. "Wane tebur?"



Alhaji ya ce, "Bon, to. Ke nan kwantenar Kwatano a kan tebur ta nutse? Ni da furfurata na bi mutane ƙofa ƙofa, ina ce musu yaronmu ya gamu da tsautsayi. Ashe ɗan caca nake yi wa bara."

Malachy ya miƙe, ya ajiye farantin. Ya ce, "Kuɗin firijin shagona na ba ka. Na yi ta sayen ƙanƙara a buhu ina jera wa nama, matata tana yi mini faɗa, ina ce mata ɗan'uwa ne ya faɗi. Yau kai ne za ka koya mini zuciya? Ni haya ta karya ni. Kai da hannunka ka karya kanka, ka zo ka yi mana kukan ƙarya."

A nan ne fa ya kamata Ɗantala ya durƙusa ya ce a yafe masa. Da ya yi haka, na tabbata da an zage shi son rai an kuma bar shi da sana'arsa. Amma girman kai ya hana. Ya figi hularsa ya ce, "Nawa ne kuɗin naku? Wallahi sai na dawo muku da shi a fuska, har da riba!"

Kuɗin da zai watsa mana a fuska ba shi da su. Abin da yake da shi mota ce. Ya ɗauki takardunta ya kai wa masu ba da rance a kan jinginar mota, ya karɓi kuɗi, ya nufi Glenwood ranar Lahadi. Ya shiga wasa da zafin rai, shi kuwa mai fushi a tebur kowa na karanta fuskarsa. Kafin la'asar an share gabansa ƙal.

Aka tafa masa kamar kullum. Wani ya daki kafaɗarsa. Ɗantala ya yi yaƙe, ya ja Gregory gefe, ya ce da Turanci ya ranta masa ya koma wasa, don motarsa ce a ciki.

Gregory ya ja da baya. "Motar aikinka ka jinginar? Kai mahaukaci ne?"

"Ba kai ka ce duk ɗan wasan kirki sai ya karye ba?"

"Kuɗin wasa nake nufi. Nawa a gwangwani daban suke, in sun ƙare na ƙare, gobe in tafi aikina. Ka taɓa ganin na sa motata ko gidan nan a tebur? Ba na rantar wa wanda bai san bambanci ba. Matsa, akwai mai jiran kujerar."

Kun ji fa. Su kansu masu tafin ba su yarda da abin da suke tafa wa ba.

Rancen yana haihuwa kowane wata. Mu kuma mun daina kiransa dako, don ba wanda ke son ganin motar a ƙofar gidansa. Ba a jima ba masu rancen suka turo mai janwe ya zo ya ɗaga a-kori-kurar da rana tsaka, maƙwabta na kallo ta taga. A garin nan kuwa, wanda ba shi da mota ba shi da ƙafa.

Da uwar bari ta ishe shi, sai ya hau bas zuwa filin Alhaji Djibrilla. Ya tarar da mutane a bayan ofis sun kewaye wani ƙaton firiji sabo a kwali. An gama tayar da Malachy, an sama masa ƙaramin shago mai sauƙin haya.

Ɗantala ya rusuna. "Baba, na karye."

Alhaji bai ko dube shi sosai ba. Ya ce, "Madalla. Digiri na huɗu ke nan. Tafi kake so mu yi maka?"

"Baba, a taimaka a karɓo motar. Ita ce abincina."

"Motar wa? Ta mutanen nan ce, suka ba ka amana, ka kai ta tebur. Muna tayar da wanda ya faɗi, ba wanda ya yi tsalle ya faɗa rijiya yana kirari ba." Ya nuna firijin da sandarsa. "Ka ga wannan? Tun safe muke neman motar da za ta kai shi. Da taka na nan, kai za mu ba dakon, mu biya ka. Yanzu sai mu ba bare."

Ɗantala ya dubi Malachy. Malachy ya duƙa ya ci gaba da ɗaure kwalin da igiya. Ɗantala ya juya ya taka zuwa inda ake jiran bas, motoci suna wuce shi fuu, fuu, ba wadda ta tsaya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, karyewa ba abin kunya ba ce, kuma ba abin alfahari ba ce. Wanda kasuwa ta kayar kada ya ɓuya, domin 'yan'uwa suna nan za su kama hannunsa. Amma wanda ya jefa guminsa da na mutane a caca, ya zo yana kiran asara jarunta, ya sani masu tafa masa ba za su ɗaga shi ba, masu ɗaga shi kuma ba za su yarda a yaudare su sau biyu ba. Kada ka yi wa wanda ya faɗi dariya, balle in da hannunsa ka tashi.