Barden Sarki Ya Ɗauki Ƙwai

An ce wani sarki ne a wata ƙasa ta bakin kogi, wanda dawaki da shamuwoyi suka gundure shi, ya koma kiwon ƙaguwa. Guda ɗaya ce tak, aka kawo masa ita da rani, ƙarama, busasshiya. Da ya ga hannuwanta kamar awartaki sai ya ce wannan jarumi ne, ya raɗa mata suna Barde, ya kuma hana kowa ya ce "ita". Aka haƙa mata ɗan tafki a fada, aka damƙa ta ga wani bafade mai suna Jatau, da sharaɗin in Barde ya ɓace kan Jatau ya bi shi.

Damina ta sauka, abinci ya yawaita, ƙaguwa ta yi saɓa ta fito ƙatuwa. Jatau ya tsinci tsohon ɓawon a bakin ruwa, ya cusa shi a aljihu bai gaya wa kowa ba. Bayan 'yan makonni sarki ya zo gaida jaruminsa, sai ga Barde ya kumbura, ƙwai cunkus a ƙarƙashinsa.

Sarki ya daka tsawa ya ce, "Wa ya musanya mini Barde da mace?"

Jatau, don ya wanke kansa, ya zaro ɓawon. Sarki ya ce, "Au, har cinye shi ka yi! A kira hauni."

Jatau na kuka wiwi ya roƙi a kira Inna Tabawa, wata tsohuwa da ta shekara hamsin tana kamun ƙaguwa a gaɓar kogi. Ta zo tana ɗingishi, ta dubi sarki sama da ƙasa, ta ce, "Ya sarki, rigar da ka sa ranar naɗinka tana shigarka yanzu?"

Sarki ya shafa tumbinsa ya ce, "Ko wuyan ba ya wucewa."

Ta ce, "To wa ya cinye wancan siririn sarkin, mu haɗa shi da Jatau a yanka?"

Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Sarki ya murtuke ya ce, "Na ji batun girma. Ƙwan fa? Damina ce ke mai da namiji mace?"

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, damina ƙiba take sawa, ba ta sauya halitta. Namijin ƙaguwa hannunsa ne babba, marfin cikinsa siriri. Mace kuwa marfinta faffaɗa ne, nan take rungume ƙwai. Tunda ka ce ɓawon nan gawar Barde ce, juya ta ka gani."

Sarki ya juya ɓawon da hannunsa. Marfi faffaɗa kamar faifai.

Tsohuwa ta ce, "Wata shida kana yi mata kirarin maza, ba ka taɓa duba cikinta ba?"

Kunya ta rufe sarki, har gumi ya jiƙa masa rawani. Ya sallami hauni, ya ba Jatau riga. Sarki ya daɗe yana jujjuya ɓawon, sa'an nan ya ce wa alƙalinsa, "Rubuta. Daga yau ba a yanke hukunci a kan bayan magana, sai an juya ta an ga cikinta."