Zabuwa da Raɓar Asuba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu saurara, Baba.

Zabuwa dai Allah Ya jarrabe ta da gaggawa. Kullum da asuba sai ta kutsa cikin ciyawa mai raɓa neman abinci, ba ta waiwaye. 'Yan tsakinta na biye suna jiƙewa, sanyi na kashe su ɗaya bayan ɗaya. Da ya rage saura auta, sai ta je wa maƙwabciyarta Kaza da kuka.

Kaza ta ce, "Ƙanwata, ajali na Allah ne, amma raɓa ke kike kai su cikinta. Ki riƙa jiran hantsi, kuma ki riƙa waiwaye."

Zabuwa ta ce, "Na tuba, Yaya. Daga yau sai hantsi."

Ta daure kwanaki tana zaune, ƙafa na yi mata ƙaiƙayi. Rannan aka kwana ana ruwa, ƙwarin shinge masu fiffike suka fito da asuba. Kafin ta tuna alkawari, ƙafafunta sun kai ta tsakiyar ciyawa. Nan ta waiwaya, karon farko a rayuwarta, ta hangi auta kwance, ya sandare.

Da ta sake yin ƙwai, sai ta kai wa Kaza, ta ce, "Yaya, ƙyanƙyashe su, ki koya musu jira tun suna ƙanana. Ni hali ya tsufa a jikina."

Suka fito, suka rayu, suka tashi suna kiran Kaza Inna. Yanzu Zabuwa ta iya jira. Kullum tana bayan danga tun asuba har hantsi, su zo su wuce, babu mai waiwayarta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan na sauke ta.