Turakun Sarki Jatau

An yi wani sarki mai suna Jatau wanda ya ƙudura kafa kadarko kafin damina, domin kogin garinsa ya sha cin mutane. Sau uku aka yi shelar a taru a ba da shawarar inda za a kafa shi, sau uku ba wanda ya leƙo.

A garin akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, Kande, wadda kullum take haye kogin don ɗebo yumɓu, a nan kuma ruwa ya tafi da mijinta. Ba wanda ya kai ta son kadarkon, amma ita ma ta yi zamanta. Fadawa suka ce a tura dogarai su koro jama'a. Sarki ya ƙi, ya aika a kirawo Kande. Ta zo ta yi gaisuwa.

Ya ce, "Inna, me ya hana ku zuwa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tun kafin shela muka ga mutanenka sun kafa turaku a bakin kogi daura da fada. Aikin da aka riga aka auna, shawarar me za mu bayar? Mahaifinka ma haka ya riƙa tara mu, mu yi ta surutu, ya yi abin da ya ga dama."

Fadawa suka hau zare ido. Sarki ya miƙe ya nufi kogi a ƙasa. Da hannunsa ya tumɓuke turakun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kowa ya ɗauki dutse ya ajiye inda yake so. Inda duwatsu suka fi yawa, nan za a kafa, ko da bai yi mini ba."

Kande ce ta fara ajiyewa, can mashigin masu yumɓu, inda ƙasa take da tauri. Kafin la'asar wurin ya zama tudu, gari kuma ya fito gayya ba tare da dogari ko ɗaya ba.

Da ruwa ya sauka, ambaliya ta zabtare gaɓar da aka kafa turakun, kadarko kuwa ko gezau. Kande ta tsaya a tsakiyarsa da kwandonta, ta dubi ruwan da ya raba ta da mijinta, ta yi kuka, ta yi wa sarki addu'a har muryarta ta dushe.

Shugaban da ke son jama'a su zo da ƙafarsu, sai ya fara tumɓuke turakunsa da hannunsa.