Baburin da Ya Girgiza Kai

An ce wai a garin Rafin Gawo an yi wani alƙali, Malam Ishaƙa, mutum mai sanyin murya da taurin kai a kan gaskiya. In ya ce sai ya ga ƙarshen magana, to ko tuwonsa zai sandare sai ya gani.

A kasuwar garin akwai wani bakanike mai suna Ilu, baƙo ne, ba shi da kowa a nan sai rumfarsa da akwatin kayan aiki. Wata rana Barau, wani ɗan gari mai jigilar albasa daga fadama, ya kawo masa babur ya gyara tayar gaba. Ba a daɗe ba, Barau na gangarowa da lodi a kan burji sai kan babur ya kama rawa, dama da hagu, kamar zai ƙwace daga hannunsa, ya watsar da shi cikin rami. Albasa ta kama gabanta, fatar gwiwa ta saluɓe.

Shi kuwa Barau bakinsa ya fi baburinsa ƙara. Kafin la'asar kasuwa duk ta ji wai baƙo ya kusa kashe ɗan gari. 'Yan acaɓa suka janye baburansu, Sarkin Kasuwa ya ce Ilu ya tattara ya bar rumfa. Abin ya yi wa Ilu ciwo ƙwarai. Ya ce, "Wallahi ba zan bar garin nan da sunan mai kashe mutane ba." Ya tashi da kansa ya kai ƙara.

A gaban alƙali Barau ya ɗage wando ya nuna gwiwa. "Allah ya gafarta Malam, ga aikinsa. Shi ya taɓa gaban babur, gaban ne kuma ya yi rawa. Buhu huɗu na albasa na yi asara."

Ilu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na taɓa gaban, ban musa ba. Amma aikina lafiya yake, kuma ba ni da mai shaida sai Allah."

Magana ta yi wuya. Ga rauni a fili, ga jama'a a bayan Barau, shi kuma alƙali bai taɓa kwance ko noti ɗaya ba a rayuwarsa. Sai dai ya leƙa ya dubi baburin Barau da aka jingine a ƙofa, ya ga bayansa da ƙyar zai ɗauki buhu biyu. Ya haɗiye abin da ya gani, ya ce, "Na ji ku, saura shaida ɗaya. Kun ce babur ya girgiza kai. Duk wanda ya girgiza kai, akwai abin da ya ƙi. Za mu je mu tambaye shi."

Mutane suka yi ta ƙunshe dariya, suna cewa Malam ya fara tsufa. Aka ɗunguma zuwa burjin bayan gari, aka kawo buhunan albasa. Ilu ya ce, "Ni zan hau. In aikina ne ya lalace, ni ya kamata ya kayar."

Alƙali ya ce wa Barau ya ɗaura lodi. Barau ya dubi jama'a, ya ɗora buhu biyu tsaf a kan sirdi, ya ja roba ya ɗaure tamau kamar mutumin kirki. Ilu ya hau, ya ba shi wuta, ya je ya dawo. Kan babur ko motsi bai yi ba.

Alƙali ya ɓata fuska. "Malam Barau, shaida ya ƙaryata ka. Baburin nan bai san rawa ba. Ashe ƙazafi ka yi wa bawan Allah, kuma ka san mai ƙazafi ba ya fita nan haka kawai."

Nan fa ido ya raina fata. Barau ya rantse da abin da zai kashe shi babur ya yi rawa. "Ai ba haka na ɗaura ran nan ba, Malam!"

"To ɗaura yadda ka ɗaura. Ba inda za mu."

Barau ya ruga gida yana ɗingishi, ya dawo da wani dogon katako. Da hannunsa ya ɗaura shi a bayan babur, ya zarce tayar baya da kusan kamu biyu, ya jera sauran buhunan a can ƙarshe suna reto. Tun kafin a hau, tayar gaba ta yi sakayau, da ƙyar take taɓa ƙasa. Ilu ya yi bisimilla ya hau. Yana ƙara wuta kan babur ya kama girgiza, kowa yana gani. Ya sassauta a hankali ya tsaya, gumi na zuba.

Barau ya daka tsalle. "Kun gani? Na faɗa muku!" Sai da ya ga ba wanda ya taya shi murna sannan ya gane ya tona wa kansa asiri.

Alƙali ya ce, "Mun gani. Tayar ɗazu ce, gyaran ɗazu ne, hanyar ɗazu ce. Ba abin da aka ƙara sai katakonka. Ka danne bayan babur har gabansa ya rasa ƙasar takawa, ya girgiza maka kai, ka ƙi ji, ka zo ka ɗora wa wanda ba shi da mai tsaya masa. Ilu zai zauna a rumfarsa. Kai kuma ranar kasuwa za ka saɓa katakon nan a kafaɗa, ka bi layi-layi inda ka ɓata sunansa, ka gyara da bakinka."

Haka aka yi. Barau ya zaga kasuwa da katako yana faɗar gaskiya, Ilu yana zaune a rumfarsa, babura sun yi layi, bai ko ɗaga kai ba.

Saboda haka, in gabanka ya kama rawa, kafin ka cafke wanda ya taɓa shi, waiwaya ka dubi abin da kai ka ɗora a baya.