Rumbun da Ba Shi da Ƙofar Ƙasa

Akwai wani manomi wanda Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka, amma kowace shekara gara da ɓeraye sukan cinye masa hatsi a rumbun laka. Sai ya kira magini ya ce a gina masa dogon rumbu na kankare. Aka kawo siminti da yashi da tsakuwa, aka ɗaura rodi, gini ya tashi har ya fi bishiyar mangwaron gidan tsawo.

Magini ya ce, "Maigida, irin wannan rumbu baki biyu gare shi. Ta sama ake zubawa, ta ƙasa ake ɗiba."

Manomin ya ce, "Toshe na ƙasan. In maƙwabta suka ga ƙofa, roƙo ba zai ƙare ba."

Magini ya girgiza kai, ya toshe.

Aka cika rumbu da masara. Duk ran da uwargida ta nemi abin tuwo, sai manomin ya hau tsani, ya zura kwando. Masu zuwa roƙo kuwa, sai ya nuna musu tsawon rumbun ya ce bayansa na ciwo.

Da damina ta yi nisa, masara ta yi ƙasa, kwando ya daina kaiwa. Wata safiya ya ɗaura igiya ya sauka ciki da kansa. Ƙafarsa na taɓa hatsi, igiyar ta kwance ta faɗo masa a ka. Bango sumul, ba wurin kamawa. Ga zafi, ga warin masarar ƙasa da ta fara funfuna don ba a taɓa motsa ta ba. Ya yi ta ihu har murya ta dushe.

Matarsa ta ruga ta kira maƙwabta, waɗannan da ya hana ɗin. Suka zo a guje, magini na gaba da guduma. Suka fasa gindin rumbun, masara ta ɓarke waje, ga maigida ya biyo ta da rarrafe, fari fat da ƙura, ƙwayoyi a gemu.

Matarsa ta ce, "Sannu da zuwa, Maigida. Yaya hanya?"

Kowa ya fashe da dariya, har shi kansa. Ya ce, "Ku kawo kwanduna, kowa ya ɗiba. Magini, wannan ramin ka sa masa ƙyaure mai kyau."

Ga ma'anar misalin, ƙaunatattu. Rumbun nan zuciyar mutum ce, masarar kuwa alherin da Allah yake zubo mana daga sama. Wanda yake karɓa ba ya bayarwa, abin da ya tara zai lalace, shi ma ya zama ɗan kurkuku a cikinsa. Ubangiji bai cika ka don ka toshe ba. A wannan mako, ka duba wanda ka rufe wa ƙofa, ka je ka buɗe masa da kanka, kada ka jira sai an zo da guduma.