Kyauta Mai Gyaɗa da Yashin Farin Dutse

Dalilin da ya sa yashi ya cika ko'ina, har cikin takalmanku da shinkafar da kuke ci, gaggawar mace ɗaya ce. Ku gyara zama ku ji.

A zamanin da, duk yashin duniya bai wuce cikin ƙwarya ɗaya ba. Yana ajiye a wani rami a kan Farin Dutse, bayan gari, wani tsoho mai suna Baba Shekarau yana tsaronsa. Aronsa ake yi bi da bi, yau masu goge tukwane, gobe maƙera, jibi masu suyar gyaɗa. Sharaɗi biyu ne: a mayar da shi kafin la'asar, kuma a mayar da shi a huce. Wanda ya saɓa ɗaya, ba shi ba aro har abada.

Akwai wata mai gyaɗa, Kyauta, wadda ba ta san zama ba. Ko gaisuwa a tsaye take yi, ƙafa ɗaya a waje. Abincin gidanta kuwa a kan yashin nan yake, don idan babu shi a kasko, gyaɗa takan ƙone a baya, cikinta ɗanye.

Wata rana aro ya zo kanta, gobe kuma kasuwa. Ta soya kasko uku, ta dubi inuwar katanga, ta ce akwai saura, ta ɗora na huɗu. Maƙwabciyarta Delu ta leƙo ta nuna mata hadari, ta ce, "Yaya Kyauta, yashin nan fa sai ya sha iska."

"Zai sha a hanya," in ji Kyauta.

Ta tankaɗe shi, ta juye a ƙwarya, ta ɗora a ka bisa gammo biyu. Kafin ta fita gari zafi ya ratsa gammon. Ta sauke ta riƙe a hannu, hannun ya kasa, ta mayar a ka. Sai ruwa ya sauko. Da ta bar ƙwaryar a buɗe da ruwan ya kashe zafin, amma duk mai gyaɗa ta san jiƙaƙƙen yashi ba ya suya. Ba ta ko yi tunani ba ta kife faifai a kai, ta lulluɓe da mayafi, ta ƙara sauri.

Ta iso ruwa ya ɗauke, dutsen ya yi sanyi ƙalau. Baba Shekarau ya riga ya fara alwala. Bisa al'ada shi ke tsoma hannu ya ji, amma hannunsa a jiƙe yake, sai ya tambaya daga inda yake durƙushe ko ya huce. Kyauta ta ji ƙwaryar tana ƙona mata yatsu. In ta jira ta makara, in ta faɗi gaskiya ta rasa aro.

"Ya huce, Baba."

Ta juye.

Dutsen ya yi ƙara kamar an karya busasshen itace. Tsaga ta taso daga ramin ta gangara, ta haifi wata, ita ma ta haifi goma. Gefe guda ya zube, ya marmashe, ya zama yashi. Kyauta ta durƙusa tana tarewa da hannu, tana cusawa a rami, yana fita ta tsakanin yatsunta. Ruwan da ke gangara ya kwashi wani zuwa rafi, iska ta ɗebi wani zuwa gari.

Baba Shekarau ya ƙarasa alwalarsa, ya dube ta ya ce, "To, 'yar nan, kin huta da jiran aro. Sai ki nemi tsintsiya."

Dutsen bai daina marmashewa ba, sauran duwatsu ma suka ɗauka. Yashi ya yi yawa har ana gini da shi, ana narka shi a yi kwalba da gilashin taga, ba mai neman izinin kowa.

Shi ya sa har yau uwayenku ke share tsakar gida da safe, kafin la'asar yashin ya dawo.